Amsa kan sandal ɗin keke mai maƙale feda

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce lamba 43 kake sawa, wai ita za ka yi oda ko ka ƙara ɗaya. Ni dai abin da na ji kana tambaya shi ne ko za ka iya sayen sandal ɗin nan ba ka gwada ba. To kusan dole ne, don ni ban taɓa cin karo da sabo a shago a Zariya ba, sai dai gwanjo a Sabon Gari in ka taki sa'a.

Amma tsaya tukuna, wace feda ce a kekenka? In SPD ce ta kamfanin Shimano, wadda suka fito da ita tun 1990, mai ƙaramin ƙarfen da ake ɗaurewa a tafin takalmi da noti biyu don ya maƙale a feda, shi ke nan. In kuwa irin ta 'yan tsere ce mai noti uku, faffaɗar nan ta roba, ka manta da sandal, ba za ta ɗauru ba. Sandal ɗin duk noti biyu ne, ƙarfen yana nutsewa cikin tafin takalmin, shi ya sa za ka sauka ka taka kamar kowa, ka cire ka yi alwala ba wata kokawa da igiya.

Batun lamba kuwa, kada ka yarda da ita. Ka taka takarda, a zana maka ƙafar, ka auna da santimita. Kuma da yamma, bayan la'asar, don ƙafa tana kumbura in an wuni a kanta, balle a zafin watan Afrilu. A ma'aunin Shimano 43 wajen santimita 27 ce. Sai faɗi. Mu da muka tashi da silifas, ƙafarmu a baje take, tsawon zai yi daidai amma gefen ƙaramin yatsa ya matse ka.

Ni abin da ya same ni ke nan. Wani mai sayarwa a intanet ya rantse min 44 za ta yi, na tura kuɗi. Na sa, na kama hanyar Shika daga Samaru, ko Giwa ban kai ba yatsuna suka mutu, dunduniya kuma tana ta ɗagawa. Na kira shi, wai in yi haƙuri zai saki. Zai saki ina? Tafin nan da gangan aka yi shi da tauri don ƙarfin ƙafa ya tafi kan feda, ba takalmin fata ba ne da zai bi ƙafarka. Na kai wa mai gyaran takalmi a Kwangila ya ƙara min madauri, ya karɓi kuɗina, ɗinkin ya tsinke a sati. Har yau yana nan ƙarƙashin gado, uwargida kullum sai ta yi min gori.

To dunduniyar ce ma abin dubawa. Wajen cire ƙafa diddige kake murɗawa waje, in madaurin baya ya yi sako-sako ƙafarka ce za ta juya cikin takalmin, ƙarfen yana nan a maƙale, sai ka ji ka a ƙasa a tsakiyar PZ 'yan acaɓa suna maka sannu. Tunda sabon shiga ne kai, nemi ƙarfen Shimano mai lamba SH56, ya fi mai lamba SH51 saurin saki, ka kuma sassauta sukurun fedar da ke matse ƙarfen.

Af, batun awo kuma, in da hunturu za ka riƙa sa safa saboda faso, auna da safar a ƙafarka. Notin ƙarfen kuma ka shafa musu giris kafin damina, in suka yi tsatsa ko alanki ba ya kwance su. Turo min hoton fedar tukuna in gani.