Amsa: Tudun naman da ke cikin zuciyar rago

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka tsaga zuciyar ragon layya ka tarar cikinta duk tudu da kwari, ga wasu fararen zaruruwa, har kana tsoron ko tsutsa ce. Kwantar da hankalinka, halittarta ce haka, ta ɗan Adam ma haka take. Mahautan babbar kasuwar Maradi kullum suna ganinsu.

Zuciya ɗakuna 4 gare ta. Biyun ƙasa, masu tura jini, su ke da wannan tsokar. Wata manne take da bango, wata ta ratsa daga gefe zuwa gefe, wata kuma ta miƙe tsaye. Kan masu tsayuwar ne zaruruwan ke ɗaure, suna riƙe marfin ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa don kada jini ya koma baya in zuciya ta matse. A ɗakin ƙasa na dama akwai wata tsoka mai ɗauke da saƙon lantarkin bugun zuciya, kuma a rago tana fitowa fili sosai.

Abin lura shi ne fararen ƙuraje kamar ƙwayar shinkafa nutse cikin naman. In ka ga wannan, nuna wa malamin dabbobi kafin a soya.