Hukuncin neman kuɗin magani a Facebook da ragowar kuɗin bayan rasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifiyarmu ta kamu da ciwon ƙoda, ana yi mata wanki sau 2 a mako. Na sayar da babur ɗina, muka sayar da filin gado, kuɗi suka ƙare. Sai na sa hotonta da takardar asibiti da lambar asusuna a Facebook da WhatsApp, jama'a suka yi ta turowa. Yayana ya ce bara na yi, na tona asirin gida. Watan jiya Allah ya karɓi abarsa, ga naira 400,000 sun rage. Na yi laifi? Kuɗin nan kuma gado ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya ba ku haƙuri.

Yayanka yana da hujja a gefe guda, don asalin roƙon mutane abin ƙi ne a shari'a. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya roƙi dukiyar mutane don ya ƙara a kan abin da yake da shi, garwashi yake roƙa. Wayar hannu ba ta sauya wannan hukunci ba. Wanda ya miƙa ƙoƙo a ƙofar masallaci da wanda ya miƙa lambar asusu, ma'auninsu ɗaya. Saboda haka saurayin da yake tara kuɗin lefe na gani na faɗa, ko mai son sauya waya, alhali yana da lafiya da sana'a, ya ji tsoron Allah.

Amma kai ba a nan kake ba. A hadisin Ƙabisa ɗan Mukhariƙ, shi ma a Muslim, Annabi (SAW) ya halatta roƙo ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin bashi don sulhunta jama'a, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga cikin mutanensa suka shaida. Wanda ya sayar da abin hawansa da filinsa, uwarsa na kwance ana jiran kuɗin wanki na gaba, ya shiga wannan rangwame. Shi kansa Manzon Allah (SAW), da mutanen Mudar suka zo Madina ba takalmi ba suturar kirki, fuskarsa ta sauya, ya sa Bilal ya yi kiran salla, ya yi huɗuba ya nemar musu, har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Ba ka yi laifi ba, ɗana. Ka faɗa wa yayanka haka da ladabi, shi ma zafin rashi ne yake damunsa.

Ka lura da sharaɗin shaidun nan uku. Mai turo maka naira 2,000 daga Legas ko Yamai bai taɓa ganinka ba, maganarka kawai ya gaskata. Don haka takardar asibiti ta gaskiya, da sanin liman ko mai unguwa, su ne suke tsayawa a gurbin wannan shaida, kuma ƙara gishiri a labarin ciwo ha'inci ne. Hoton kuwa, in da izininta kuma a suturce take, babu komai. Abin da yake min ciwo shi ne yadda ake ɗaukar dattijuwa bidiyo a gadon asibiti, zani ya zame, ba ta ma san inda take ba, a watsa wa duniya. Lalura ta halatta roƙo, ba ta halatta buɗe al'aura ba.

Sai ragowar kuɗin, kuma nan ne nauyin yake. Kuɗin nan amana ne a hannunka, an ba ka su da sunan wankin ƙoda, don haka niyyar masu bayarwa ake bi. Abin da na rinjayar shi ne ba gado ba ne, in ban da abin da wani ya bayyana cewa kyauta ce ko zakka ya mallaka mata ita kanta, wannan kam ya shiga dukiyarta. Ka fara biyan bashin asibiti da na mai kemis in akwai, don magani aka ci su. Kada ka mayar da kuɗin babur ɗinka daga ciki sai da yardar masu kuɗin, kada kuma a dafa abincin zaman makoki da su.

Ka koma duk inda ka sa sanarwar, ka sanar da rasuwar, ka faɗi abin da aka tara da abin da aka kashe da abin da ya rage, ka goge lambar asusun, ka roƙi waɗanda suka yaɗa su ma su goge. Saƙon WhatsApp yakan yi ta zagaye bayan mai shi ya daɗe a kabari, kuma duk abin da ya shigo bayan rasuwar hukuncinsa ɗaya da wannan ragowar. Ka nemi bayanan asusunka daga banki, sunayen masu turowa suna ciki. Wanda ya ce a mayar masa, ka mayar. Wanda ya ce ya bar wa iyali, ya halatta gare ku. Waɗanda ba ka iya kaiwa gare su ba, ka koma sashen da ake yi wa mahaifiyarka wanki, ka san waɗanda kuke zaman layi tare suna ƙirga kuɗi bai cika ba. Ka biya wa ɗaya ko biyu daga cikinsu da niyyar ladan ya je ga masu kuɗin, ka riƙe rasit, ka kuma nuna wa yayanka.

Wallahu a'alam.