Inda Ake Samun Gidan Haya Mai Sauƙi a Kano

Jiya bayan la'asar ka tambaye ni ina za ka kai angon nan mai tsaron shago a Kantin Kwari, wanda ke neman ciki da falo amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ina sauri ban ba ka amsa ba. To, ɗana, tunda kana koyon dillancin gidaje, ga ta.

Ka cire ranka daga gidajen da aka rubuta wa lambar waya a jikin katanga. Kafin gida ya kai ga haka ya riga ya bi hannun dillalai biyu ko uku, kowa ya ɗora nasa. Gida mai sauƙi tun ɗan haya bai kwashe kayansa ba ake jin labarinsa. Mai garuwa ya san gidan da aka ce masa daga wata mai zuwa ya daina kawo ruwa. Mai shayi yana jin wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Ladan da mai unguwa sun san dattijon da ya aurar da 'ya'yansa, ɓangare guda ya zama ba kowa, kuma ya fi son mutumin kirki a kan kuɗi mai yawa. Waɗannan mutane su ne jarinka. Ka gaishe su ko ba ka da buƙata, in ciniki ya faɗa kuma ka kai musu na goro.

Game da unguwa, kada ka fara da Zoo Road ko Tarauni da irin kuɗinsa, za ku sha rana a banza. Danbare da Rijiyar Zaki ma ɗaliban Jami'ar Bayero (BUK) sun ɗaga kuɗin hayarsu. Ka duba Kurna, Rijiyar Lemo da Bachirawa, tunda titin Katsina zai sauko da shi Fagge kai tsaye. A kowace unguwa kuma layin da ke bakin kwalta ya fi tsada. Ka shiga layi na uku ko na huɗu.

Amma ga inda yara irinku ke cutar mutane ba da niyya ba. Ka ji an ce gida a can bayan Panshekara ya fi sauƙi da naira dubu 100 a shekara, sai ka yi murna. Zauna ka yi masa lissafi. A ce kullum zai ƙara naira 500 na Adaidaita Sahu, zuwa da dawowa, kwana 26 a wata. Dubu 13 ke nan, a shekara dubu 156. Ina sauƙin yake? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba na nuna wa mutum gida sai na tambaye shi inda yake fita nema. Ruwa ma haka. Gidan da ke da rijiya mai ruwa har bazara, ko burtsatse a layin, ya fi wanda kullum sai an sayi kura guda, ko da kuɗinsa ya ɗara kaɗan. Ka tambayi maƙwabta watan da rijiyar ke ƙafewa, mai gida ba zai faɗa maka ba. Ka duba mita. In akwai tsohon bashin wuta a kanta, a warware shi kafin a biya ko sisi. In mita ɗaya ce ga ɓangare huɗu, ka san rigima na nan tafe duk ƙarshen wata.

Sai damina. Yanzu rani ne, kowane gida lafiya lau yake. Ka dubi gindin katanga daga waje: in ka ga zane mai duhu ko filasta tana ɓarewa kamar gishiri, nan ruwa ya tsaya bara. Ɗaga kai ka duba silin ko akwai tabon yoyo. Ka ga ko tsakar gidan ta fi titi ƙasa, kuma ina kwatar take zuba. Na taɓa sa wani bawan Allah a gida cikin watan Maris ban duba wannan ba. A watan Agusta ruwa ya shiga har ƙarƙashin gadon amaryarsa, katifa da kujeru suka lalace. Bai kai ni ƙara ba, bai ma zage ni ba, amma har yau in na hango shi sai kunya ta kama ni. Na mayar masa da la'adata, ba ta kai rabin asararsa ba.

Akwai wata hanya da za ta iya yi wa angon naka. Wani ya gina gida kuɗi ya yanke masa, saura ƙofofi, tagogi da daɓe. Ɗan haya ya ƙarasa, a cire a kuɗin haya. Yana da kyau, muddin an rubuta abin da za a kashe da shekarun da zai zauna, da shaidu da sa hannun mai unguwa. Gidan gado kuwa, kada ka karɓi kuɗi sai ka san magadan sun yarda da wanda ke ba da hayar, domin gobe suna iya sa shi a kasuwa.

Kuɗi ka sa ya miƙa wa mai gida hannu da hannu, a gabanka, a ba shi rasit da makulli a zama ɗaya. La'adarka, kashi 10 cikin 100 da aka saba, ka faɗa masa ita tun ranar farko. In ka ga da ƙyar ya haɗa, ka rage masa.

Ka ce masa ya hanzarta, don da an shiga Sha'aban bukukuwa za su yi yawa, ciki da falo zai yi wuya. Gobe bayan sallar asuba ka same ni, mu fara da mai shayin bakin masallaci a Kurna.