Yaya zan tsara biyan direbobin da ke gajeren zango?

Tambaya: Ina da manyan motoci uku da ke ɗaukar hatsi daga kasuwar Dawanau zuwa kamfanonin Sharada da Bompai, wani lokacin har Zariya. Ina biyan direbobin kuɗin sawu ne kawai, amma kullum suna ƙorafin an ƙware su. Wane tsari ne adalci?

Amsa: Alhaji, ƙorafinsu yana da tushe. A gajeren zango ba tuƙi ne ke cin ranar direba ba, jira ne. Daga Dawanau zuwa Sharada bai wuce kilomita 30 ba, amma direba zai iya shigowa kasuwa da sassafe, ya zauna jiran 'yan dako su gama lodi har hantsi, ya isa kamfani ya tarar da layin motoci a bakin sikeli, a ɗebi samfurin hatsin a duba danshi, kafin a sauke masa la'asar ta yi. Tuƙin awa biyu, zaman awa bakwai. Wanda ya ɗauki kaya zuwa Legas yakan yi wannan jiran sau ɗaya a tafiyar kwanaki, shi kuwa naka kullum sai ya yi. In sawu kaɗai kake biya, duk lattin da kamfani ya jawo a aljihun direba yake faɗawa.

Saboda haka a raba biyan gida uku: albashi tsayayye, kuɗin sawu, da kuɗin jira.

Ka fara da ɗaukar littafi na wata guda. A kowane sawu a rubuta lokacin isa wurin lodi, lokacin tashi, lokacin isa, da lokacin da aka gama saukewa. Daga nan za ka san sawu nawa mota ke iya yi ba tare da ganganci ba. A ce, don misali kawai, kun daidaita direba ya tashi da naira 150,000 a wata, kuma littafin ya nuna sawu 50. Sai ka mai da rabi, 75,000, albashin da zai karɓa ko mota tana gareji, sauran ka raba a kan sawu 50, kowanne 1,500 ke nan. Na Zariya a yi masa nasa farashin daban, tunda yini guda yake ci. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma ban ga dalilin da za a damƙa wa mutum motar miliyoyi a ba shi abin da bai kai haka ba.

Kuɗin jira kuwa ba daga aljihunka ya kamata ya fito ba. Ka sa shi cikin cinikinka da mai kaya: awa biyu ko uku na farko kyauta, abin da ya haura a biya, direba ya sami kasonsa. Da zarar jira ya zama kuɗi, za ka ga an fara sauke motarka da wuri.

Inda masu motoci suka fi yin kuskure shi ne haɗa kuɗin gas da kuɗin hanya da haƙƙin direba a dunƙule, a ce abin da ya rage nasa ne. Wannan ke sa direba ya saki mota a furi a gangare don ya rage shan mai, ko ya sayi gurɓataccen gas a bakin titi ya kashe maka nozul, ko ya ƙara buhuna a ɓoye har sifirin ya karye. Auna man da kanka: a cika tanki, a yi sawu uku da cikakken lodi, a sake cikawa, a raba lita da uku. Wannan ne ma'aunin hanyar, da ɗan rara saboda cunkoso. Kuɗin ƙungiya da na tikitin kasuwa su zo da rasit. Yaron mota kai za ka biya shi, ba direba ba.

In mota ta dawo fanko, a biya direba sawunsa cikakke, domin neman kaya ba aikinsa ba ne. In shi ya samo lodin dawowa, a ba shi kamasho da aka yanke tun farko.

Batun ɓatan kaya: a ƙirga buhuna a gabansa, ya sa hannu a takardar kaya. Kada a zaftare masa albashi saboda ragin nauyin da bushewar hatsi ko bambancin sikeli ya kawo, haka ma tayar da ta fashe don tsufa. Sakaci ne kaɗai ake ɗora wa mutum, shi ma sai an tabbatar.

Duk wannan a rubuta shi da Hausa, kowa ya riƙe kwafi, da shaida daga reshen ƙungiyar direbobi ta ƙasa (NURTW) na tasharku. Dokar ƙwadago ma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Kuɗin sawu a biya duk ƙarshen mako, albashi a ranar da aka tsayar, sannan ku sake zama a kan farashin duk bayan wata shida.