Amsa ga ƙanenmu mai tambayar babur ko koyon sola

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: ka gama bautar ƙasa, ka tara 'yan kuɗi, kana tsakanin sayen babur ka fara samun na cefane yanzu, ko shiga koyon haɗa sola inda za ka daɗe ba ka kama komai ba. Ni dai shawarata ka je ka koyi aikin.

Acaɓa nake yi a Kano lokacin da gwamnati ta hana goyo a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Dare ɗaya abincinmu ya tsaya. Mai hali ya koma Adaidaita Sahu yana kai balas, wasu suka bar gari, ni kuma wani dattijo mai wayarin a unguwarmu ya karɓe ni yaron shago, ina da mata da ɗa. Watannin farko tsani nake riƙewa, ina fasa bango da guduma, in dawo gida kaina fari fat da ƙurar siminti. Abokaina har tausayina suke ji.

Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, masu janareta suka fara neman sola ido rufe. Wanda ya riga ya san waya shi aka dinga kira. Kuɗin da mutum ya ajiye kuwa, a shekarar ta 2023 darajarsu ta zube kowa yana gani.

Amma ka zaɓi maigida da kyau, don nan ne yara da yawa ke asarar shekarunsu. Akwai wanda aike kawai zai dinga yi maka, ba zai bar ka ka taɓa inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) ba don kada ka zama kishiyarsa. Ka nemi wanda zai miƙa maka mitar awon wuta ya ce auna batirin nan ka faɗa min, wanda zai zaunar da kai ku lissafa lodin gida: firji nawa yake ja, fanka nawa, batir zai kai asuba ko a'a. Lissafin nan shi ne aikin. Ɗora farantin sola a kan kwanon rufi kowa zai iya. Kai da ka yi boko ma zai zo maka da sauƙi.

Kuɗinka kada ka zuba su wuri guda. Sayi mita mai kyau da filaya da abin gwada wuta, sauran ka ajiye na mota da abinci. Ka riƙe littafi kana rubuta duk matsalar da kuka tarar da yadda aka gyara ta.

Kafin ka fara, ka zauna da iyayenka ka faɗa musu tsawon lokacin da za ka ɗauka, domin su ne za su ɗauki nauyinka kafin a yaye ka. Allah Ya yi jagora.