Yaya zan sa mutane su fita zaɓe ba tare da zumunci ya lalace ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zaɓe ya matso, ina son 'yan gidanmu da maƙwabta su fita su kaɗa ƙuri'a, amma duk lokacin da na ɗauko zancen sai ya koma musu. Yayana yana goyon bayan wata jam'iyya daban da tawa, har mun yi kwana uku ba ma magana. Wasu kuma cewa suke ƙuri'arsu ba ta canja komai. Ta yaya zan yi musu magana har su saurare ni? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Daga yadda kika bayyana, ayyuka biyu kika haɗa a zama ɗaya, shi ya sa maganar take ƙarewa a rigima. Jan hankalin mutum ya fita zaɓe aiki ne daban, jan hankalinsa ya zaɓi ɗan takararki kuma wani aikin ne daban. Da zarar mutum ya ji ƙanshin na biyun a cikin na farkon, sai ya toshe kunne, don ya san ƙuri'arsa ake farauta. Saboda haka ki fara yi wa kanki wannan tambayar: idan yayanki ya fita ya zaɓi wanda ba ki so, za ki ji daɗin fitarsa? In amsar i ce, ki gaya masa haka a fili tun kafin ki ci gaba. Wannan jimla ɗaya takan sauke rabin zafin.

Sai hanyar isar da saƙon. A shekarar 1998, masana siyasa biyu na Jami'ar Yale a Amurka, Alan Gerber da Donald Green, sun gwada hanyoyi uku na jan hankalin mutane su fita zaɓe a birnin New Haven: wasiƙa, kiran waya daga kamfanin da ake biya, da zuwa ƙofar gida a yi magana baki da baki. Zuwa gida ya ƙara kimanin mutum 8 a cikin kowane 100 da aka samu aka yi wa magana, wasiƙa ta ɗan taɓuka kaɗan, kiran wayar kuwa kusan bai yi komai ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun sami adadi daban-daban, amma darasin bai canja ba: muryar mutum mai rai, wanda yake jiran amsarka, ta fi rubutun da aka watsa wa kowa. Wannan ne dalilin da ya sa turo dogon saƙo a zauren WhatsApp na dangi ba ya fitar da kowa, sai dai ya tayar da masu son musu. Ki ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe. Mutumin da aka ƙalubalanta a gaban jama'a mutuncinsa yake karewa, ko da a zuci ya yarda da ke.

Idan kin zauna da mutum, ki fara da tambaya, kuma ki bar shi ya gama. "Me ya hana ka fita a zaɓen da ya wuce?" Amsoshin da za ki ji ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace da maganinta. Wani bai yi rajista ba ko bai san rumfarsa ba. Wani idan ya bar aikin yini ɗaya, iyalinsa za su ji a jikinsu. Wata ba ta da wanda za ta bar wa yara. Wani yana tsoron tarzoma. Wani kuma ya fita sau uku ko huɗu, an yi masa alkawari ba a cika ba, zuciyarsa ta mutu. Kuskuren da masu kishin zaɓe suka fi yi shi ne su yi wa dukan waɗannan wa'azi iri ɗaya kan haƙƙin ɗan ƙasa, alhali huɗu daga cikin biyar ɗin nan taimako suke buƙata.

Na biyar ɗin ne mai wuya, kuma a nan tausayi yake aiki. Kada ki ce masa ya yi kuskure, domin abin da ya gani da idonsa yake faɗa. Ki maimaita masa damuwarsa da kalmominki har ya ce "haka ne", sannan ki tambaye shi wane abu ɗaya ne, a makarantar 'ya'yansa ko asibiti ko hanyar da yake bi, yake son ya ga ya canja, kuma wace kujera ce take da iko a kansa. Sau da yawa ƙaramar kujera ce, wadda ake ci da tazara kaɗan. A zaɓen majalisar dokokin jihar Virginia ta Amurka na 2017, 'yan takara biyu a mazaɓa ɗaya sun tashi kunnen doki da ƙuri'a 11,608 kowannensu, sai da aka zaro suna daga cikin kwano a watan Janairun 2018, kuma wannan kujerar ce ta tabbatar da jam'iyyar da ta riƙe rinjaye a majalisar. Irin wannan sauraro ba ɓata lokaci ba ne. David Broockman da Joshua Kalla sun wallafa wani bincike a 2016 da aka yi a birnin Miami na Amurka, inda hira ta kusan minti goma, wadda ake sauraron mutum ba tare da yanke masa hukunci ba, ta sassauta ra'ayin mutane kan wani rukunin jama'a da suke ƙyama, kuma sassaucin yana nan bayan wata uku.

Idan mutum ya ce zai fita, kada ki tsaya a nan, domin tsakanin niyya da aiki akwai rata. A zaɓen fid da gwani na 2008 a jihar Pennsylvania ta Amurka, David Nickerson da Todd Rogers sun sa an yi wa masu zaɓe tambayoyi uku: da ƙarfe nawa za ka je, daga ina za ka taso, me za ka kasance kana yi kafin lokacin? Waɗannan tambayoyin sun ƙara kimanin mutum 4 cikin 100 na waɗanda aka samu, har kusan 9 a gidajen da mai zaɓe ɗaya ne kawai a ciki, domin shi ne ba shi da abokin tsara ranar. Ki yi haka da naki. Ku duba sunansa a rajista tun da sauran kwanaki, ku tabbatar da rumfarsa da lokacin buɗewa da rufewa da takardar shaidar da hukumar zaɓen ƙasarku take buƙata, ku san yadda ake yin alama a takardar ƙuri'a don kada ta lalace, ku kuma shirya wanda zai raka tsofaffi da masu lalura da wanda zai riƙe yara.

Akwai abubuwa biyu da za ki kiyaye. Na farko, kada ki riƙa cewa "mutane ba sa fita, abin kunya ne." Mai jin haka abin da yake ɗauka shi ne zama a gida shi ne abin da kowa yake yi. Ki ambaci waɗanda za su fita: "Ni da Yaya za mu tafi da safe, mu biya maka?" Na biyu, ki guji kunyatarwa. Gaskiya ne tana fitar da mutane. A jihar Michigan ta Amurka a 2006 an aika wa gidaje wasiƙa mai nuna wanda ya yi zaɓe da wanda bai yi ba a cikin maƙwabta, fitowar ta tashi daga kashi 29.7 zuwa 37.8 cikin ɗari. Amma ta jawo fushi da ƙorafi, kuma masu aika wasiƙar ba za su sake haɗuwa da mutanen ba, ke kuwa da naki za ki ci gaba da zama. Godiya ga wanda ya taɓa fita ita ma an gwada ta, tana ƙara fitowa, kuma ba ta barin tabo.

Game da yayanki, ki je ki same shi kafin ranar zaɓe, ki gaishe shi kamar yadda kika saba, kada ki jira shi ya fara. Ku yi yarjejeniya a kan iyaka: za a iya sukar manufar ɗan takara da ayyukansa, amma ban da zagin iyayensa, addininsa, ƙabilarsa ko magoya bayansa, tunda yayanki yana cikinsu. Kada ɗayanku ya tura wa ɗaya labarin da bai tantance ba. In murya ta fara tashi, ki ce, "Yaya, mu bar shi nan, mu ci gaba gobe." Ku tafi rumfa tare in zai yiwu, kuma bayan kun fito kada ki tambaye shi wanda ya zaɓa, domin sirrin ƙuri'a haƙƙinsa ne ko a cikin gida. Ku kuma amince tun yanzu cewa ranar da aka bayyana sakamako, wanda nasa ya ci ba zai kira ɗayan don tsokana ba, wanda nasa ya faɗi kuma zai bar ƙorafin maguɗi, in akwai, ga wakilan jam'iyya da kotu.