Fok ɗin kekena yana tsalle, jan maɓalli kuma ya daina aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi keken hawa duwatsu na gwanjo, ina yawo da shi wajen duwatsun Shere a Jos. Fok ɗin gabansa, wato ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba, na iska ne, mai nutsewa milimita 120. Da farko lafiya lau, amma yanzu da na taka dutse sai ya dawo da ƙarfi har tayar gaba ta bar ƙasa. Na murɗa jan maɓallin da ke ƙasan fok ɗin zuwa hagu da dama, babu abin da ya canja. Makullin sama ma ya daina kulle shi, ga wata ƙara ta cakal-cakal daga ciki. Mai gyara ya ce in rage iska. Shin hakan zai magance?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka rage iskar nan tukuna. In ka rage, tsallen zai ɗan lafa, amma fok ɗin zai riƙa nutsewa har ƙarshe duk sanda ka kama birki, kuma a gangaren dutse wannan ya fi tsallen haɗari.

Ƙafafun fok biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. A na kamfanonin RockShox da Fox, in kana kan keke, ƙafar hagu ce ke ɗauke da iska ko sifirin, aikinta ta ɗauki nauyinka ta dawo da fok sama. A ta dama akwai damfa: mai ne da fistan mai ƙananan ƙofofi, da wasu siraran washoshi da ke lanƙwasawa in mai ya matsa musu. Ka tuna yadda sirinji yake yi, a hankali ka danna ya tafi, ka danna da ƙarfi ya turje, domin ruwan ba shi da mafita sai bakin allura. Jan maɓalli yana rage ko ƙara faɗin ƙofar da mai ke bi lokacin dawowa. Shuɗin da ke sama kuwa na lokacin nutsewa ne, in ka rufe shi gaba ɗaya shi ne kullewar. To, maɓalli biyu sun daina aiki lokaci guda, a ƙafa ɗaya. Ni dai ba zan nemi laifin a wajen iska ba.

Duk da haka a fara daidaita ta, don a fitar da ita daga zargi. Da famfon fok, ba na taya ba, ka sa iskar da in ka hau ka tsaya cik fok zai nutse kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na tafiyarsa. A naka, milimita 18 zuwa 24 ke nan. Sannan ka murɗa jan maɓallin har ƙarshe ɓangaren rufewa (RockShox na zana kunkuru a wannan ɓangare, zomo a ɗayan), ka tsaya gefen keke, ka danna kansa da ƙarfi ka saki. Lafiyayyen damfa zai dawo a hankali, ka ga yana jan jiki. Ka buɗe har ƙarshe ka sake gwadawa. In dawowar ɗaya ce, sai a duba abu mafi arha: a fok ɗin RockShox da yawa jan maɓallin ɗan alanki ne mai milimita 2.5 da ke shiga ta cikin notin ƙasa. Wani lokaci ya zame ne kawai, kana murɗa shi a banza. Ciro shi, ka duba bakinsa, ka mayar ya shiga sosai.

In ba shi ba ne, zatona man damfa ya gudu. Ba ka faɗi sunan fok ɗin ba, amma a masu matsakaicin kuɗi, irin damfan Motion Control na RockShox, man yana zaune ne kai tsaye a cikin bututun sama, robar sil guda ce ke tare shi daga ƙasa. In robar ta tsufa sai ya tsiyaye zuwa cikin ƙafar ƙasa, a waje ba ka ga ko ɗigo ba. Bawul ɗin kullewa yana can sama, shi ne farkon wanda mai zai bari a fili, shi ya sa makulli ke fara mutuwa. Abin da ya rage kuma ya gauraya da iska ya zama kumfa, kumfa kuwa ba ta turjiya. Ita ce ƙarar da kake ji. Akwai hanyar tabbatarwa ba tare da ka kwance komai ba. Ka saki iskar duka, ka danna fok a hankali, ka auna. In ya tsaya ƙyam a milimita 80 ko 90 maimakon kusan 120, man da ya taru a ƙasa ne ya toshe masa hanya. Kada ka ci gaba da hawa a haka.

Gyaran shi ne a cire ƙafafun ƙasa, a canja sil ɗin, a wanke, a zuba mai daidai adadin da littafin wannan fok ya faɗa. Adadin ba abin kintace ba ne: ya yi kaɗan makulli ba zai kama ba, ya yi yawa fok ba zai nutse duka ba. Kuma a tabbata babu iska a ƙafar hagu kafin a taɓa ko noti ɗaya.

Kan man da za a zuba ne ake yawan ɓata aiki. Baƙin mai na inji ya yi kauri, ba nasa ba ne. Motion Control na shan man fok mai lamba 5wt. Na babur mai wannan lamba zai iya yi a bisa larura, sai dai lambar ba ta da tsayayyen ma'auni tsakanin kamfanoni, 5 na wani ya kan yi kusa da 7 na wani. In akwai adadin cSt (ma'aunin kaurin mai) a digiri 40 a jikin gora, shi za ka duba. Na RockShox yana wajen 16. Man da ake sa wa ƙafafun ƙasa don santsi daban yake, ya fi kauri, kuma kaɗan ake zubawa.

Idan kuwa damfan rufaffe ne mai jakar roba a ciki, kamar Charger na RockShox da ya fito a 2013 ko FIT4 na Fox, to iska ce ta shiga inda bai kamata ba, ko jakar ta fashe. Wannan sai an zuƙe iskar da sirinji da mahaɗi na musamman, ban ba da shawarar a koya a kan fok ɗin da ake hawa ba. Wasu fok ɗin SR Suntour masu arha kuma damfansu a liƙe yake, canja shi ake yi gaba ɗaya.

Tunda za a buɗe, a canja robobin tare ƙura da soson da ke ƙarƙashinsu. RockShox na cewa a yi wa ƙafafun ƙasa hidima duk awa 50 na hawa, Fox kuma awa 125 ko shekara guda, amma da ƙurar hunturu irin tamu gara ka yi kafin lokacin, ka kuma riƙa goge bututun sama da tsumma mai laushi bayan kowace fita. Bayan gyara, ka rufe jan maɓalli har ƙarshe, ka riƙa buɗewa ƙas ɗaya-ɗaya kana gwadawa, har fok ya dawo da sauri amma taya ba ta bar ƙasa ba. In a kan jerin duwatsu ka ji yana ƙara nutsewa yana ƙara tauri, ka rufe da yawa ne, sai ka buɗe ƙas ɗaya ko biyu.